Laifi ɗaya, hukunci biyu: abin da ake koya wa lauyoyin Amurka kan korar baƙi

A Amurka, baƙon da ya amsa laifi a gaban alƙali yana iya fita daga kotu ba tare da ya kwana a gidan yari ba, amma bayan shekaru jami'an shige da fice su zo su tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da ya baro tun yana yaro. Wannan ne ya sa ake shirya wa lauyoyin da ke kare waɗanda ake tuhuma bita ta musamman kan yadda shari'ar laifi ke shafar zaman baƙo a ƙasar.

Me ya sa lauyan laifi zai koyi dokar shige da fice, alhali ba fanninsa ba ne?

Saboda Kotun Ƙolin Amurka ta ɗora masa wannan nauyi a ranar 31 ga Maris, 2010, a shari'ar Padilla da jihar Kentucky. José Padilla haifaffen ƙasar Honduras ne, ya shafe sama da shekara 40 yana zaune a Amurka da koren kati, wato takardar zaman dindindin, kuma ya yi wa ƙasar aikin soja a yaƙin Biyetnam. An kama shi da tabar wiwi mai yawa a cikin babbar motar da yake tuƙawa, lauyansa kuma ya ba shi shawarar ya amsa laifin, yana mai tabbatar masa cewa kada ya damu da batun kora tunda ya daɗe a ƙasar. Shawarar ba daidai ba ce, domin laifin safarar ƙwaya yana cikin waɗanda ke jawo kora kusan ba makawa.

Alƙalai bakwai cikin tara sun goyi bayan Padilla. Mai shari'a John Paul Stevens, wanda ya rubuta hukuncin, ya bayyana cewa gyara na shida na kundin tsarin mulki, wanda ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun ƙwararren lauya, ya haɗa da a faɗa masa ko amsa laifi zai jawo masa kora. Idan dokar a fili take, wajibi ne lauya ya faɗi sakamakon ƙarara. Idan kuwa tana da sarƙaƙiya, ya isa ya gargaɗe shi cewa akwai haɗari. Kafin wannan hukunci, kotuna da yawa suna ɗaukar kora a matsayin abin da ke gefe, wanda bai shiga aikin lauyan laifi ba.

Ashe dā ba haka dokar take da tsauri ba?

Ba haka take ba. Daga 1917 zuwa 1990, alƙalin da ya yanke hukuncin laifi yana da ikon ba da shawarar kada a kori mutumin, kuma hukuma tana bin shawarar. Majalisar dokoki ta soke wannan iko a 1990. A 1996 kuma aka zartar da dokoki biyu da suka faɗaɗa jerin laifuffukan kora, suka kuma rufe wata babbar ƙofar afuwa da masu koren kati suka daɗe suna dogara da ita. Tun daga nan, abin da aka rubuta a takardar hukuncin kotun laifi shi ne kan yanke makomar mutum, alƙalin shige da fice kuwa sau da yawa ba shi da hurumin yin rangwame ko da ya ga dacewar hakan.

Wani abin da ke ƙara wa lamarin nauyi shi ne, kusan kashi 95 cikin ɗari na hukunce-hukuncen laifi a Amurka ta hanyar yarjejeniyar amsa laifi ake samun su, ba ta hanyar cikakkiyar shari'a ba. Sannan a kotun shige da fice gwamnati ba ta ba marar hali lauya kyauta kamar yadda take yi a kotun laifi. Saboda haka lauyan laifi shi ne sau da yawa lauya na farko kuma na ƙarshe da baƙon zai gani.

Waɗanne abubuwa ne ake koyarwa a irin wannan bita?

Darasi na farko, wanda masu koyarwa ke yawan maimaitawa, shi ne lauya ya tambayi kowane mutum da yake karewa inda aka haife shi, ba tare da ya dogara da launin fata ko karin harshe ba. Mutumin da aka kawo yana jariri, yana magana kamar ɗan unguwa, yana iya zama baƙo a idon doka, wani ma shi kansa bai sani ba. Bayan haka sai a gano matsayinsa: koren kati ne da shi, ko bizar karatu, ko mafaka aka ba shi, ko ba shi da takarda kwata-kwata, da kuma ranar da ya shigo ƙasar, domin laifi ɗaya yana iya rusa wani ya bar wani.

Sai rukunan laifuffuka. Mafi muni shi ne wanda dokar ta kira babban laifi mai tsanani. Lokacin da aka ƙirƙiro rukunin a 1988, kisan kai da safarar ƙwayoyi da safarar makamai kawai ya ƙunsa, amma yanzu ya haɗa da sata idan hukuncin ya kai shekara ɗaya, da zamba idan asarar ta wuce dala 10,000. Wanda ya faɗa cikinsa ana tsare shi ba beli, ya rasa damar neman mafaka da damar roƙon a soke korarsa, kuma da wuya ya sake shigowa ƙasar. Akwai kuma laifuffukan da ake kira na lalacewar ɗabi'a, irin su sata da zamba, waɗanda guda ɗaya kan jawo kora idan an aikata shi cikin shekara biyar da shigowa kuma hukuncinsa zai iya kaiwa shekara ɗaya, guda biyu kuwa a kowane lokaci. Laifin ƙwaya kusan duka na kora ne, in ban da mallakar tabar wiwi da ba ta wuce giram 30 ba, sau ɗaya, don amfanin kai. Bindiga, da dukan iyali, da karya umarnin kotu na nisantar wani, kowanne yana da nasa sashe.

Idan alƙali bai tura mutum gidan yari ba, ai ya tsira ko?

A nan ne lauyoyi da yawa ke yin tuntuɓe, kuma a ganina nan ne bitar ta fi amfani. Dokar shige da fice tana da nata ma'anar samun mutum da laifi, wadda ta bambanta da ta jihohi. Idan mutum ya amsa laifi, ko ya amince da bayanan da suka isa a kama shi da laifi, alƙali kuma ya ɗora masa kowane irin horo, ko da tara ce ko ɗaurin talala, to a wurin hukumar shige da fice an same shi da laifi. Jiha tana iya cewa ta share shari'ar bayan ya kammala shirin gyaran hali, amma sharewar da aka yi don rangwame ba ta goge komai a idon gwamnatin tarayya. Abin da ke gogewa shi ne a soke hukuncin saboda kuskuren doka da aka tafka a shari'ar.

Haka ma ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka: ana ƙirga shi dukansa kamar an zauna a gidan yari. Wanda aka yanke wa shekara ɗaya kan satar kaya a kanti, aka dakatar da ɗaurin gaba ɗaya, ya koma gida ranar yana murna, yana iya zama mai babban laifi mai tsanani a wurin hukumar shige da fice. Da an rubuta kwana 364 maimakon 365, da bai shiga wannan rukuni ba. Saboda wannan kwana ɗaya ne jihohin Washington a 2011, da Kalifoniya a 2015, da New York a 2019 suka rage iyakar hukuncin ƙananan laifuffuka zuwa kwana 364.

To, me lauyan da ya samu horo zai yi dabam?

Zai yi ciniki da mai gabatar da ƙara kan abubuwan da lauyan da bai sani ba ba zai ko kalla ba. Yana iya neman a sauya tuhumar zuwa wani sashe mai nauyi iri ɗaya a kotun laifi amma marar haɗari a fannin zama, ko a raba hukuncin gida biyu don kada ɗaya ya kai shekara, ko a shigar da mutum shirin gyaran hali kafin ya amsa laifi maimakon bayan ya amsa. Wani lokaci ma zai shawarci wanda yake karewa ya karɓi zaman gidan yari na 'yan watanni a ƙarƙashin wata tuhuma, maimakon ya tafi gida a ƙarƙashin tuhumar da za ta raba shi da iyalinsa har abada. Zaɓin na wanda ake tuhuma ne, amma ba zai iya zaɓa ba sai an faɗa masa.

Ana kuma koya musu wata ƙa'ida mai muhimmanci: kotun shige da fice ba ta duba ainihin abin da mutum ya aikata, tana duba kalmomin dokar jihar da aka hukunta shi da ita ne, ta kwatanta su da na dokar tarayya. Adrian Moncrieffe, ɗan asalin Jamaika, an kama shi da giram 1.3 na wiwi a jihar Jojiya, gwamnati ta ce mai safara ne, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa a 2013 saboda dokar jihar ta haɗa har da wanda ya raba ɗan kaɗan kyauta. Moones Mellouli, ɗan Tunisiya, an hukunta shi a Kansas kan safar ƙafa da ya ɓoye ƙwayoyi a ciki, kuma a 2015 kotun ta ce korarsa ba ta halatta ba, domin takardun hukuncin ba su nuna cewa ƙwayar tana cikin jerin na tarayya ba. Darasin ga lauya shi ne ya kula da kowace kalma da ke shiga takardar kotu.

Su wa ke ba da horon, kuma dole ne?

Yawancin jihohi suna tilasta wa lauyoyi ci gaba da karatu kafin su riƙe lasisinsu. A New York sa'o'i 24 ne duk shekara biyu, a Kalifoniya sa'o'i 25 duk shekara uku, kuma kwas kan wannan batu yana shiga lissafin, ko da yake galibi lauya ne ke zaɓar fannin da zai halarta. Ƙungiyoyin lauyoyi na jihohi suna shirya shi, haka ma ƙungiyoyi irin su Immigrant Defense Project a New York da Immigrant Legal Resource Center a San Francisco, waɗanda ke fitar da jadawalin da ke nuna haɗarin kowane sashe na dokar laifi ta jiha.

Sai dai bitar yini ɗaya ba ta mayar da mutum gwani a fannin da ke sauyawa da kowane sabon hukunci. Ofisoshin lauyoyin marasa hali da suka fi yin abin kirki su ne waɗanda suka ɗauki lauyan shige da fice ya zauna tare da su, ana tuntuɓarsa kafin a amsa kowane laifi, kamar yadda ofishin Bronx Defenders ke yi a unguwar Bronx ta birnin New York, inda 'yan Afirka ta Yamma da dama ke zaune, ciki har da Hausawan Gana da Nijar da Najeriya. A ƙananan garuruwa, inda lauya ɗaya ke riƙe da tarin shari'o'i, wannan gata ya yi ƙaranci.

Idan lauya ya ba da shawarar da ba daidai ba, ana iya gyarawa daga baya?

Ana iya, amma da wahala. Bisa ma'aunin da Kotun Ƙoli ta kafa a shari'ar Strickland a 1984, sai mutum ya nuna cewa lauyan ya gaza, kuma gazawar ta cutar da shi. A 2013, a shari'ar Chaidez, kotun ta ce hukuncin Padilla bai shafi shari'o'in da aka kammala kafin a yanke shi a 2010 ba, abin da ya rufe ƙofa ga mutane da yawa, ko da yake wasu jihohi, irin su Massachusetts, sun buɗe ta a ƙarƙashin nasu dokokin. A 2017 kuma Jae Lee, wanda aka kawo daga Koriya ta Kudu yana ɗan shekara 13, yake kuma da gidajen abinci a yankin Memphis, ya yi nasara duk da cewa hujjojin da ke kansa na ƙwaya suna da ƙarfi. Kotun ta yarda cewa mutumin da kora ta fi ɗauri muni a wurinsa yana iya zaɓar ya tsaya shari'a ko da damar tsirarsa ƙanƙanuwa ce.

Shin nauyin a kan lauyan da ke karewa kaɗai yake?

A'a. Tun 2013, alƙalan kotunan tarayya suna gargaɗin duk mai amsa laifi cewa idan ba ɗan ƙasa ba ne ana iya korarsa, jihohi da dama ma suna da irin wannan ƙa'ida, amma gargaɗin alƙali na bai-ɗaya ba ya maye gurbin shawarar lauya kan shari'ar mutum ta kansa. Kalifoniya ta ƙara da wajabta wa masu gabatar da ƙara, tun daga 2016, su yi la'akari da batun zama yayin ciniki kan amsa laifi. Horon kuma yanzu ya wuce matakin hukunci, domin dokar Laken Riley da aka sanya wa hannu a Janairun 2025 ta wajabta tsare baƙon da ya shigo ba bisa ƙa'ida ba idan an kama shi ko an tuhume shi da sata, tun kafin kotu ta same shi da laifi. Lauyan da ya hanzarta biyan belin irin wannan mutum ba tare da ya bincika ba, yana iya fitar da shi daga hannun 'yan sandan gari ya miƙa shi kai tsaye ga jami'an shige da fice.