Band A: Layin Wuta Ake Nufi, Ba Aljihun Mutum Ba

Tun ranar 3 ga Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, kalmar ta shiga bakin kowa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake fassara ta a rediyo, wai "rukunin masu hannu da shuni". Har za ka ji mai sharhi na rantsuwa cewa ƙarin bai taɓa talaka ba.

Band ba ruwansa da abin da ke aljihunka. Fida ake yi wa laƙabin, wato babban layin da ke ɗauko wuta daga tasha ya raba wa taransifomomin unguwanni. Layin da aka yi wa alƙawarin awa 20 ko fiye a rana shi ne A, B awa 16, C 12, D 8, E kuwa 4. Duk wanda ke rataye a layin, farashin layin zai biya.

Akwai wani tela a bayan gidanmu, shagonsa ɗaki ɗaya ne: keke biyu, dutsen guga, fanka da ƙwan fitila. Ƙaddara ce ta haɗa shi layi guda da wata masana'anta. Ba wanda ya yi shawara da shi, ba shi kuma da damar cewa a mayar da shi B tunda awa goma ta ishe shi. Yawancin awannin da yake biya da tsada suna zuwa ne shagon na kulle, shi yana barci. Katin da yake saye ya kai shi wata, yanzu kwana goma sai mita ta fara kuka. Ya koma guga da gawayi.

A ƙasashen da suka wadata da mita mai aika bayani da kanta, farashi kan bi lokaci: ka jinkirta wanki ko guga zuwa dare, a rage maka. A can mutum yana da zaɓi, kuma a ganina adalcin ke nan. Mu kuwa da yawa ko mitar ba su da ita, bil na ƙiyasi ake miƙo musu.

Dokar NERC ta ce layin da ya kasa cika awa 20 kwana bakwai a jere a sauke shi daga A. To, wa ke ƙirga awannin? Telan nan dai da alli yake rubuta nasa a jikin ƙofar shago.