Wasan kwaikwayo a kan Ikko ta 1950 zuwa 1960: me ya kamata mai shiri ya kiyaye?

Wasu matasa a Agege suna shirin wasan talabijin a kan kakanninsu, fataken goro da dillalan shanu da suka zauna a Ikko, wato Legas, kafin samun 'yancin kai. Sun turo tambayoyi, kuma na ji daɗin su ƙwarai, domin tarihin mutanenmu a Kurmi kaɗan ne aka rubuta. Abin da yara suka gani a allo shi za su riƙe a matsayin gaskiya.

Wane kuɗi za mu sa a hannun ɗan wasa?

Ban da Naira, don sai ranar 1 ga Janairun 1973 ta fito. A lokacin fam ake kashewa da sule da kwabo. Sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 ne sule ɗaya. Sisi kwabo shida, taro kwabo uku, anini kuwa sai an tara goma ake samun kwabo. Kwabon nan yana da huda a tsakiya, har tsofaffi kan zura shi a zare. Idan labarinku ya faru kafin Yulin 1959, takardar kuɗin ta hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ce, wadda ake kashewa har Saliyo da Gambiya. Babban Bankin Nijeriya bai fara fitar da nasa ba sai a Yulin 1959 ɗin. Ni dai a ganina a ciniki ake gane shiri mai kyau. Mai goro ya buɗe huhu, ya ɗaga ganyen da aka lulluɓe shi, ya yayyafa ruwa, mai saye ya ce "sule da sisi", shi kuma ya ce "albarka". Wannan kaɗai ya mai da mai kallo shekara saba'in baya.

Titi fa?

Mota ta bi hannun hagu, sitiyari yana dama. Sai a watan Afrilun 1972 aka koma dama. Kada kyamara ta kama gadar Eko ko Third Mainland, wadda aka kammala a 1990. A lokacin gadar Carter ce kawai ke kai mutum tsibirin Legas daga Iddo, inda jirgin ƙasan Kano yake tsayawa. Baƙo daga Arewa ta jirgin nan yake sauka, da tabarmarsa da butarsa, ya nemi gidan maigidan da zai sauke shi. Butar ma ta ƙarfe ce ko ta duma, ba ta roba mai launi ba.

Za mu iya nuna iyali suna kallon talabijin?

A'a, sai in labarin ya kai shekarun 1960. Tashar farko a Ibadan aka buɗe ta, a Oktoban 1959. A sa garmaho, ko akwatin rediyo mai waya da ake maƙalawa a bango, ko wani mai ilmin boko yana karanta wa jama'a Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta iso daga Zariya.

Tufafi?

Nan aka fi yin kuskure. Dogon hijabin da muka saba gani yau daga baya ya yaɗu. Matan lokacin zane ne da kallabi da mayafi. Ku je wurin wata Hajiya da ta manyanta a unguwa, ku durƙusa ku gaishe ta, ku ce, "Iya, yaya kuke ɗaura kallabi kuna amare?" Za ta nuna muku da hannunta, ta yiwu ma ta buɗe tsohon akwatinta. Maza kuma riga da jar dara ko rawani, ɗinkin hannu, guga da dutsen gawayi ko bugu.

Idan mutum ya ce "Jihar Legas" a cikin wasan, laifi ne?

Laifi ne. An kafa jihar a 1967, kuma Agege a wancan lokaci tana ƙarƙashin Jihar Yamma ne. Bafatake "Ikko" zai ce, in zai koma gida ya ce zai hau Arewa. Tuta ma haka: kore da fari ba ta hau ba sai daren 1 ga Oktoban 1960, a filin sukuwa da yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa. Kafin nan tutar Ingila ce a ofisoshin gwamnati.