Tambayoyi da amsoshi: RNA marasa haɗa furotin da sankarar furostet

Wane irin RNA ne wannan?

A cikin kowace ƙwayar halitta, ana kwafar umarni daga DNA, ma'ajiyar bayanan gado, zuwa RNA, sinadarin da ke ɗaukar saƙon, sannan a ƙera furotin da shi. Sai dai ɓangaren DNA ɗinmu da ke ɗauke da tsarin furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Daga ragowar ake samun RNA da ba sa zama furotin, kuma da yawansu aikinsu kunna ƙwayoyin gado ne ko kashe su. Akwai gajeru masu harafi (tubalan da ke jere a cikin RNA) kusan 22, wato microRNA, waɗanda binciken Victor Ambros da Gary Ruvkun a jikin wata 'yar tsutsa ya bankaɗo a 1993, har suka samu kyautar Nobel a 2024. Akwai kuma dogaye da suka haura harafi 200.

Ina alaƙarsu da sankarar furostet, ƙullun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji?

Wasunsu birki ne. miR-15a da miR-16, waɗanda microRNA ne, suna danne BCL2, furotin da ke hana ƙwaya mutuwa. Idan suka yi ƙaranci, ƙwayar da ya kamata ta mutu sai ta yi ta hayayyafa. Wasu kuwa ciwon suke taimakawa. SChLAP1, dogon RNA wanda masana a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka bayyana a 2013, yana kawo cikas ga SWI/SNF, gungun furotin da ke tsara naɗewar DNA. Inda aka same shi da yawa, ciwon ya fi saurin yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki.

Majinyaci ya fara cin moriyar wannan ilimi?

Ta fuskar gwaji, ƙwarai. Gwajin jini na PSA, furotin da furostet ke fitarwa, yakan hau ko da kumburin tsufa ne kawai ko wata cuta ta kama furostet, sai a tsakuri naman furostet ɗin mutum don bincike ba gaira ba dalili. PCA3, dogon RNA da aka gano a 1999, yana yawaita sosai a ƙwayoyin sankarar, kuma yana fita a fitsari bayan likita ya taɓa furostet ta dubura. A 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin Progensa PCA3 ga mazan da aka taɓa tsakura ba a ga ciwo ba, domin a san ko akwai buƙatar maimaitawa.

To magani fa?

Nan kam da sauran aiki. An gwada maganin MRX34, kwaikwayon miR-34a (wani microRNA mai taka wa ciwo birki), a kan masu sankara iri-iri, amma aka dakatar a 2016 saboda yadda ya tayar da garkuwar jiki har wasu suka rasu. Babbar matsalar ita ce kai RNA cikin ciwon ba tare da ya taɓa lafiyayyun sassa ba.