Mene ne "Tasirin Matilda"?

Duk lokacin da 11 ga Fabrairu ta zagayo, ranar mata da 'yan mata a fagen kimiyya, sai ka ji masu sharhi suna ta jefa "Tasirin Matilda" cikin magana, wai yana nufin mata sun yi kaɗan a fiziks. Ba haka ba ne. Ƙarancin mata daban, Matilda daban.

Margaret Rossiter, masaniyar tarihin kimiyya a Amurka, ita ta raɗa sunan a 1993 don tunawa da Matilda Joslyn Gage, 'yar gwagwarmayar ƙarni na 19 da ta yi rubutu kan yadda ake danne fasahar mata. Ma'anarsa, mace ta yi aikin, yabo ya koma kan namiji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dubi Lise Meitner, masaniyar fiziks. Da ta isa Balin a 1907, ba a yarda mace ta shiga ɗakunan gwaji na cibiyar sinadarai ba, sai aka ba ta wani tsohon ɗakin kafinta a ƙasan ginin. Shekara talatin tana aiki kafaɗa da kafaɗa da masanin sinadarai Otto Hahn. A 1938 ta tsere wa 'yan Nazi saboda asalinta na Yahudawa, ta samu mafaka a Suwidin. Daga can ne ita da Otto Frisch, ɗan 'yar'uwarta, suka warware abin da ya ɗaure wa Hahn kai a gwajinsa, cewa ƙwayar yuraniyam tsagewa take yi gida biyu. Kyautar Nobel ta 1944 a fannin sinadarai kuwa, Hahn kaɗai aka ba. A ganina, kiran wannan "ƙarancin wakilci" rufa-rufa ce. Ai tana nan, sunanta ne aka tsallake.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake kafa hujja da cewa daga Marie Curie a 1903 zuwa Anne L'Huillier a 2023, mata biyar kacal suka ci Nobel ta fiziks, kamar dai wannan ƙidayar ƙwazo ce. To, wa ya yi ƙidayar? Gwajin masaniyar fiziks Chien-Shiung Wu ne ya tabbatar da hasashen wasu masana maza biyu, Lee da Yang, amma su biyun aka kira Stockholm karɓar Nobel a 1957. Jocelyn Bell Burnell ce ta gano taurarin pulsar, masu aiko da sigina a kai a kai, a 1967 tana ɗaliba, kyautar 1974 kuma malaminta Antony Hewish ne ya raba ta da Martin Ryle.