Faransancin Kebek ba gurɓataccen karin ƙauye ba ne

An daɗe ana cewa Faransawan da suka fara zama a Kanada 'yan ƙauye ne da ba su iya Faransanci ba, kowa da karin harshen yankinsu, shi ya sa maganar mutanen Kebek, lardin Kanada da ake Faransanci, ta karkace. Tarihi bai nuna haka ba.

Gaskiya ne a ƙarni na 17 yawancin talakawan Faransa ba Faransancin Paris suke yi a gida ba. Har a 1794, rahoton Abbé Grégoire, wani limamin coci kuma ɗan siyasar Faransa, ya kiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ne kawai suke yin sa tsantsa. Amma waɗanda suka tsallaka teku bayan Samuel de Champlain ya kafa birnin Kebek a 1608 ba daga ko'ina aka kwaso su ba. Da yawansu daga Normandi, Poitou da yankin Paris suka fito, kuma akwai 'yan birni da masu sana'a da suka saba da Faransanci a tashoshin jiragen ruwa irin su La Rochelle da Dieppe.

Sai kuma 'yan mata kusan 800 da Sarki Louis na 14 ya aika tsakanin 1663 da 1673 don su yi aure, da yawansu daga Paris. Harshen uwa kuwa shi yaro yake tashi da shi.

To daga ina "moé" da "toé" da ake ji a bakin mutanen Kebek suka fito a maimakon "moi" (ni) da "toi" (kai)? Ai tsohon furucin fadar sarki ne. Bayan Ingila ta karɓe ƙasar a 1763 hulɗa ta yi rauni, Paris ta sauya lafazinta, mutanen Kebek kuma suka riƙe na da.