Yada zango a dajin kan duwatsu: tambayoyi da amsoshi ga ɗan Maraɗi

Mu mutanen Maraɗi ƴan fili ne. Tun muna yara mun san inda matafiyi ke sauka: gindin babban icce, kusa da ruwa, inda iska ba ta duka. Wannan sanin yana da amfani daga nan har Dakwaro, amma wanda ya hau da shi kan duwatsu masu daji zai iya jefa kansa cikin halaka.

Ina ake samun dutse da daji wuri guda?

A jiharmu dai babu. Dajin Baban Rafi da ke yankin Madarunfa daji ne sosai, amma a shimfiɗe yake. Abzin kuwa akwai duwatsu, har dutsen Bagzan ya haura mita 2,000, sai dai itatuwan suna cikin kwaruruka da lambuna irin na Timiya. Mai son ganin dutse lulluɓe da kurmi sai ya nufi jihar Taraba a Najeriya. Can ne gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda aka kafa a 1991, kuma ya fi kowane gandu girma a ƙasar. A cikinsa tsaunin Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419. Kusa da shi ga tudun Mambila, wajen garin Gembu.

Me zai hana in kafa tantina a gindin babban icce?

Ɗan'uwa, kafin ka duba ƙasa, ɗaga kanka sama. Itatuwan kurmi dogaye ne ƙwarai, kuma sau da yawa akwai busasshen reshe maƙale a can ƙololuwa, yana jiran iskar tsakar dare. Tanti ba ya tare ko sanda, balle reshen da ya kai cinyar mutum kauri. Iccen da ɓawonsa ke saɓulewa, ko gara ta hau shi, ko ya karkata, ka yi nesa da shi fiye da tsawonsa. Wanda ya fi ƴan'uwansa tsawo shi aradu ta fi faɗa wa. Idan kuma yana da ƴaƴa nunannu a zube, wurin cin abincin birai ne, su ma za su zo da asuba. Saurara ko za ka ji ƙugin zuma a kogonsa.

To bakin rafi fa, tunda ruwa ake nema?

Nan ne na fi jin tsoro ga mutanenmu. Kowa ya san halin Gulbin Maraɗi: wani lokaci ko ɗigo bai sauka a garin nan ba, sai a wayi gari ya kawo ruwa daga wajen Jibiya. A kan dutse haka abin yake, amma ruwan ba ya ba da lokacin kwashe kaya. Ana iya yin ruwa a wani tsauni da ba ka hango shi, cikin ɗan lokaci koramar da ka tsallaka da ƙafa ta zama mai jan duwatsu.

Wurin yana faɗa maka da kansa in ka duba. Za ka ga tarkacen ciyawa da ƙirare a rataye jikin rassa sama da kanka, duk sun kwanta gefe guda. Za ka ga yashi mai laushi shimfiɗe kamar an share maka, da duwatsu masu santsi. Wannan shimfiɗar ruwa ne ya yi ta, kuma zai dawo. Ka hau sama da alamar tarkacen, ka bar aƙalla mita 60 tsakaninka da gaɓa. Ɗaukar jarka zuwa rafi ƙaramar wahala ce. Bayan haka, bakin ruwa mashayar namun daji ce, can sauro da ƙudan tsando suke, kuma rafuka masu gudu su ne gidan ƙaramin baƙin ƙudan da ke jawo makanta. Sanyin dare ma cikin kwari yake taruwa.

Ke nan ƙololuwa ta fi?

A'a, can iska da tsawa suke. Nemi ɗan fili a tsakiyar gangare, mai ɗan karkata yadda ruwa ba zai kwanta ba, in za ka kwanta ka sa kai ta wajen tudu. In ka ga fasassun duwatsu sababbi a gindin wani hayi, daga sama suka faɗo, ka wuce.

Sanyin ya kai a damu da shi? Ai mun saba da hunturu.

Hunturunmu busasshe ne, na can da laima yake zuwa. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, kuma Mambila ta fi Maraɗi tudu da fiye da mita 1,000. Hazo da raɓa suna jiƙa tufa, ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki. Tabarma kaɗai ba ta isa ba. Shimfiɗa leda a ƙasa, sannan ƴar katifa, sannan bargo.

Ina roƙon masu shayi da babbar murya: kada murhun gawayi ya shiga cikin tanti, ko da garwashin ya yi ja ya daina hayaƙi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ya ji ciwon kai, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. A dafa a waje, a kashe wutar da ruwa, a tona tokar a tabbata ta huce. Da rani ciyawar tudu ƙiris take jira.

Ƙwari da macizai fa?

Kauce wa tarin duwatsu, ruɓaɓɓen gungume da doguwar ciyawa. In ka ga jerin kwarkwasa, ka bar musu hanyarsu, ka matsa nesa. Abinci a rufe, a rataye shi can gefe. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa.

Yaushe ya fi dacewa a je?

Da rani, daga Nuwamba zuwa Maris. Damina a can ta fi tamu tsawo, hanyoyi kuma suna lalacewa. A isa zango da la'asar sakaliya ko kafin nan, don duk abin da na lissafa ido ke ganinsa, fitila ba ta nuna busasshen reshe.

Sai na nemi izinin wani?

Dole. A Gashaka-Gumti ofishin ma'aikatan gandun daji yana Serti, can ake karɓar izini da ɗan jagora. A wajen gandu, a fara gaida mai gari ko arɗon rugar da ke kusa: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, ina ya kamata mu sauka?" Shi ya san burtalin da shanu ke bi da asuba, da ruwan da ba a sha, da gefen da ba a kwana. Mu da muka ga abin da ƴan bindiga suka yi wa ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji ba sai an gaya mana muhimmancin tambayar tsaro ba. A tambaya kafin a bar gida, a sake tambaya a garin ƙarshe. Waya tana ɗaukewa a cikin kwaruruka, don haka a bar wa wani a gari sunan wurin da za a kwana da ranar da za a sauko.