Masu son hayar jirgin ruwa su tuƙa da kansu: ga amsoshinku wuri ɗaya

'Yan'uwa daga Garwa, Marwa, Kuseri har Injamena suna ta turo min tambayoyi iri ɗaya kan hayar jirgin ruwa mai filafilai a Bahar Rum, irin wanda abokai shida ko takwas ke haɗa kuɗi su karɓa na mako guda su tuƙa da kansu. Na amsa da murya, na amsa a rubuce, gobe wani ya sake kawo ta. To ga su nan. Duk wanda ya ƙara tambaya, wannan zan tura masa.

Wai da gaske za a ba mu jirgi mu tafi ba ma'aikaci ko ɗaya?

Da gaske ne. Jirgi da kayan cikinsa kawai za a miƙa muku. Tuƙi, girki, shara, ɗaure igiya, duk naku ne. Ɗaya daga cikinku zai sa hannu a matsayin kyaftin, kuma in wani abu ya faru, shi hukuma ta sani.

Ba za mu iya yi a Lagdo ba?

A'a. Lagdo wuri ne mai kyau, kilomita kamar 50 daga Garwa, kuma tun da aka gama madatsar a 1982 mutane ke cin arzikin ruwan. Amma abin da ke can kwalekwale ne da mai shi. Ku je ku yi yini, ku ci kifi, in mai kwalekwale ya ce gefen nan akwai dorina ku ji maganarsa. Wannan harka ce daban. Tafkin Chadi kuwa, a halin tsaron da ake ciki, kada ma a kawo min zancensa.

Tun ina yaro nake tuƙa kwalekwale mai inji a Binuwai. Bai isa ba?

Bai isa ba, ɗan'uwa, kuma ba raina ka nake yi ba. Jirgi mai tsawon mita 12 yana da nauyin tan takwas ko fiye, ba shi da birki, iska kuma tana tura shi ko ka kashe inji. Tafiya a tsakiyar teku ba ita ce wahalar ba. Wahalar tana zuwa da la'asar, lokacin shiga tasha. A Girka da baya ake shiga: ka saki anka, wato ƙarfen da ke kama ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, tun daga nesa, ka dinga ja da baya tsakanin jirage biyu na mutane, iska na bugun ka ta gefe, mai riƙe da sarƙa a gaba yana jiran umarninka, masu igiya biyu a baya suna jira, mutanen da ke shan gahawa a bakin tasha duk sun zuba maka ido. In ka saki ankarka a kan sarƙar wani, da safe sai rigima. Wannan ba a koyon sa a bidiyo. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Wace takarda ake nema?

Kuroshiya tana neman takardar tuƙi da ta rediyon VHF, wato rediyon da jirage ke magana da shi a teku, kuma tana da jerin takardun da take karɓa daga kowace ƙasa. Girka tana neman takardar kyaftin da mutum na biyu, wanda ya kai shekara 18, da zai sa hannu cewa ya iya taimakawa. Takardun tuƙin da aka fi sani su ne ICC, ta ƙasa da ƙasa, da Day Skipper ta RYA, ƙungiyar masu tuƙin jirgin ruwa ta Birtaniya. Masu cewa "wane ya yi karatu a Faransa, yana da permis côtier", ku sani cewa wannan ta jirgi mai inji ce, ba ta koya wa mutum sarrafa filafilai. Ku tura hoton takardar ga kamfani, su amsa muku a rubuce cewa sun karɓa, sannan ku biya ko sisi.

Nawa ne?

Ku daina tambaya ta haka kamar buhun masara. Jirgi mai ɗaki uku a watan Mayu ko Oktoba yana iya farawa daga wajen euro 2,000 a mako, a Agusta ya kusan ninkawa, mai gindi biyu kuma ya fi haka nesa. Euro ɗaya sefa 655.957 ne, ku buga da kanku. Sannan ku ƙara mai, kuɗin kwana a tasha, kuɗin wanke jirgi a ƙarshe, abinci, da tikiti. In kun ga farashin da ya faɗi ƙasa warwas, ku tambayi shekarar da aka ƙera jirgin. Araha ba ta ado.

Mu fara biyan jirgi ne, ko mu fara neman biza? In aka hana wasunmu fa?

Yauwa. Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, kuma ita ce ba wanda ke yi sai an makara. Ba ni da amsa ɗaya da za ta dace da kowa, amma ga yadda abin yake.

Kamfanoni galibi suna karɓar rabin kuɗi ranar da aka riƙe jirgi, sauran kuma kamar wata guda kafin tafiya. In kun fasa, abin da za a mayar muku ya danganta da abin da ke cikin yarjejeniya, kuma sau da yawa in lokaci ya matso ba a mayar da komai. A ɗaya gefen, ofishin jakadanci yana son ganin inda za ku kwana, ku kuwa a jirgi za ku kwana, don haka takardar hayar da jerin sunayen matafiya su ne shaidarku. Kun ga kenan kowanne yana jiran ɗan'uwansa. Girka tana cikin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, Kuroshiya ma ta shiga tun 1 ga Janairun 2023. Kuɗin bizar euro 90 ne, kusan sefa 59,000, ba a mayarwa in an hana, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla euro 30,000. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya. Ku riƙe wannan wata shidan da kyau, don a nan mafita take.

Abin da nake ba da shawara, in zai yiwu, shi ne ku riƙe jirgi da wuri da mafi ƙarancin kuɗin da kamfani zai yarda, ku nemi su rubuta muku abin da zai faru in an hana biza, ku shigar da takardu nan take, yadda amsa za ta fito kafin ranar biyan kaso na biyu. Wasu kamfanoni sukan yarda a ɗage zuwa wani mako ko a canza suna a jerin matafiya, wasu ba sa yarda. Akwai inshorar fasa tafiya, amma ba kowacce ce ke ɗaukar hana biza ba, sai an karanta ƙananan rubutun. Ba zan ce muku wannan hanya ba ta da asara ba. Tana rage ta ne kawai.

Sannan ku duba waye a cikinku. In mutum ɗaya aka hana cikin takwas, bakwai za su iya tafiya, kowa ya ƙara kaɗan. In kyaftin aka hana, tafiya ta mutu gaba ɗaya sai dai a ɗauki na haya. Don haka takardunsa su fara shiga. Wanda fasfonsa bai taɓa fita ba, ko asusunsa na banki bai nuna shige da fice ba, ku gaya masa gaskiya tun yanzu cewa nasa ya fi haɗari. Ba cin fuska ba ne.

Abin da ya fi ɓata zumunci kuwa shi ne ba a faɗi tun farko wa zai ɗauki asarar wanda aka hana ba. Shi kaɗai? Ko a raba? Ni ina ganin adalci shi ne a raba kason farko tsakanin kowa, tunda ba laifinsa ba ne, amma wanda ya fasa don ganin dama ya ɗauki nasa. Wata ƙungiyar za ta ga akasin haka, kuma ba zan ce sun yi kuskure ba. Ko wanne kuka zaɓa, ku zauna, a rubuta, kowa ya ce ya yarda, tun kafin a tura kuɗi. Na ga abokan da suka tashi unguwa ɗaya sun daina gaisawa a kan wannan, kuma ba kuɗin ne ya raba su ba, kunyar yin maganar tun farko ce.

In kun ga Shengen za ta yi wuya, akwai Turkiyya, wajen Marmaris, Gocek da Fetiye. Ita ma sai da biza, amma tana da ofishin jakadanci a Yawunde da Injamena, ga masallatai ga abincin halal. Akwai kuma tsibiran Seshel, Mahe da Praslin da La Digue, inda ba a neman biza kafin tafiya sai izinin shiga da ake cikewa ta intanet. Tikiti da haya a can sukan fi tsada, kuma dokokin shiga suna canzawa, don haka ku tabbatar a makon da za ku biya.

Mene ne kuɗin ajiya kuma? Ba mun biya haya ba?

Kun biya. Wannan na ɓarna ne, yakan kai euro 2,000 zuwa 3,000, ana riƙe shi a katin banki ranar karɓar jirgi, a sake shi in kun dawo lafiya. Alhaji, kada ka zo da damin kuɗi a aljihu kana cewa za ka ajiye, wurare da yawa kati suke so. Ka je bankinka tun a gida ka tambayi iyakar abin da katinka ke iya biya a waje. Kuma a amince cewa in an ci kuɗin, kowa zai biya, ba mai katin kaɗai ba.

Wane wata, kuma ina?

Masu fara koyo, tekun Ayoniya ta yammacin Girka, wajen Lefkada da Korfu: safiya lumana, iska ta taso da rana, tsibirai kusa da juna. Yuni ko Satumba. Kada ku je tsibiran tekun Ejiyan, gabas da babban yankin Girka, a Yuli da Agusta, lokacin iskar meltemi ne, takan yi kwanaki tana kaɗawa daga arewa ba sassauci. Kuroshiya, daga Split ko Trogir, tana da kyau, amma kwana a tasha da tsada, kuma akwai iskar bura da ke saukowa daga duwatsu ba sallama.

Salla fa? Da abinci?

Ku kwantar da hankalinku, ba abin da zai hana ku salla. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Yawancin lokuta za su same ku a tasha ko kun saki anka. Abu ɗaya: alƙibla a can kudu maso gabas take, ba yadda kuka saba a Garwa ba, kuma jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska, don haka a duba kamfas kafin a tayar. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla, ku tambayi malaminku kafin ku tashi.

Abinci, ku ci kifi ku yi girkinku. Naman tsire na Girka galibi alade ne, ku tambaya. Kuma don Allah kada wanda ya cusa kilishi a jaka, an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje. Yaji da ganyen shayi sun isa.

Akwai banɗaki?

Akwai, ƙarami, da famfon hannu. Ba a jefa komai a ciki, ko takarda. In ya toshe za a cire daga kuɗin ajiyarku. Ku tafi da buta. Tankin ruwa lita 300 ne zuwa 400 a irin wannan jirgi, mutum takwas, ga alwala ga wanke-wanke. Wanda ya saba sakin famfo yana wanka, a gaya masa tun ranar farko.

Rabinmu ba su iya iyo ba.

To su sa rigar ceto duk lokacin da jirgi ke tafiya, ba gardama, ba "ni babba ne". Kowa ya san inda rediyo yake, ya san tasha ta 16 a rediyon ita ce ta neman agaji, ya san yadda ake tayar da inji. In kyaftin ne ya faɗa ruwa, wa zai juyo ya ɗauke shi? Ku amsa wannan kafin ku bar tasha. Mai jiri kuma ya sha magani kafin a tashi, ya zauna a waje yana kallon nesa, kada ya shige ɗaki.

Ba mu da wanda ya iya sosai. Mu haƙura?

Wa ya ce ku haƙura? Ku ɗauki kyaftin na haya. Wajen euro 150 zuwa 200 ne a rana, ku ciyar da shi, ku ba shi wurin kwana. Ku raba wa mutum bakwai ku ga nawa ya zama. Zai koya muku, ya san inda ake samun mafaka in iska ta juya, ku kuma ku yi barci da daddare. Mai son ya tuƙa baɗi, ya je makaranta ya yi mako ɗaya ko biyu a kan ruwa, irin Glénans ta Faransa da ke koyarwa tun 1947. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗora wa mutum ɗaya rayukan abokansa bakwai don ana jin nauyin a ce masa bai ƙware ba.

Yaushe za mu isa, yaushe za mu dawo?

Asabar zuwa Asabar ake yi. Ana ba da jirgi da yammacin Asabar, a dawo da shi tasha da yammacin Juma'a, a cika masa mai, a fita da safe. Ku isa garin tun Juma'a. Mai tasowa daga arewa, ko jirgin ƙasa na dare zai bi daga Gaundare zuwa Yawunde ko jirgin sama zuwa Duwala, ya bar wa kansa kwana guda na jinkiri. Ranar karɓa kuma kada kyaftin ya sa hannu sai ya zagaya da ma'aikacin kamfani, an tayar da inji, an buɗe filafilai, an gwada injin anka, an ƙirga rigunan ceto, an ɗauki hoton duk wani ƙarzane da ke jikin jirgin.